'Yan Tsaki a Bakin Gada

Dogo direba ya kashe mota, sai kukan ya cika mana kunne. Muddin inji yana ruri ba a cika jin 'yan tsaki ba, amma da ya yi shiru sai ka rantse duk tsuntsayen duniya aka tara mana a bayan motar nan. Kwalaye ne a jere har rufi, kowanne da 'yan hujojinsa na shan iska, kowanne cike da jariran da jiya-jiya suka fasa ƙwai a ɗakin ƙyanƙyasata. Na ce wa Dogo ya tayar da motar. Ya nuna min gaba da haɓa. Motar albasa ce a gabanmu, gabanta wata, gaban waccan wata, har can bakin gada inda aka gitta sandar ƙarfe.

"Ko na tayar, ina za ni, Hajiya?"

Maigidana yana zaune a bakin ƙofa da waya a hannu. Duk garin Sakatare ake ce masa, har ni ma na bi sahu, don shi ne sakataren ƙungiyar masu kiwon kaji kuma ba ya so a manta da hakan. Ya gyara zaman hularsa, ya ce bincike ne kawai irin na kullum, yanzun nan za a wuce. Ya sauka ya nufi shingen da irin tafiyar da yake yi idan ya san za a gane shi.

Ni kam na san abin da na ɗauko. Ɗan tsakon da ya fito jiya ba abinci ne damuwarsa ba. Yana da sauran gwaiduwa a cikinsa, wadda za ta riƙe shi kwana biyu ko uku ko da bai tsinci komai ba. Abin da ba ya jurewa shi ne iska ta tsaya. Shi ya sa bayan motarmu raga ne hagu da dama, shi ya sa muke lodi da sassafe, shi ya sa duk son shayin Dogo ba ya taka birki don mai shayi sai mun sauke. Tafiyar motar ita ce numfashinsu. In ta tsaya, zafin jikinsu kansa ya isa ya dafa su a cikin kwali.

Na leƙa ta taga. Daga inda muke ana hango tsallaken kogi sarai, har da jan rufin gidan Auta, ƙanwar Sakatare, wadda aure ya kai can. Ita ce mai rabin kayan nan, sauran na maƙwabtanta ne. In da mota tana tafiya, kafin a gama gaisuwa a waya mun isa.

* * *

Ba wanda ya taɓa zama ya tsara yadda muke yi da mutanen tsallake. Haka muka taso muka tarar, muka ɗora. Mu a nan muna da wutar lantarki mai ɗan mutunci, don haka mu ke ƙyanƙyasa. Su a can masara ta yi musu yawa, don haka su ke raino. Mu kai musu 'yan tsaki, su turo mana dusa da masara, in kajin sun girma ƙwai ya dawo kasuwarmu kiret-kiret. Ƙasa biyu ce a bakin hukuma, kowacce da tutarta a ƙarshen gada, amma ni ban taɓa ɗaukar gadar nan a bakin komai ba face hanyar gidan Auta.

Sai wasu daga cikin masu kajin ƙwai na ɓangarenmu suka fara ƙorafi cewa ƙwan tsallake ya yi arha, yana kashe musu kasuwa. Ba ƙarya suka yi ba, wasunsu suna jin jiki. Amma maimakon a haye gada a zauna da mutanen can a ga yadda za a daidaita, sai aka kira taro, aka kawo lasifika. Mijina mutumin kirki ne, Allah ya sani, bai taɓa ɗaga min murya ba. Lasifika ce kawai ba ya iya gani ya kau da kai. Shi da ba ya sayar da ƙwan ci ko guda, shi ya fi kowa kumfar baki. Suka yi ta zirga-zirga ofis-ofis har aka ba da umarni: ko kaza ko ƙwai, in dai daga tsallake yake, kada ya shigo.

Ranar da dokar ta fara aiki, 'yan ƙungiya suka yi dafifi a bakin gada don su tabbatar jami'ai ba su yi sassauci ba. Sakatare na kan gaba. Motocin ƙwai suka yi ta juyawa, wasu suka tsaya a rana suna jiran a ji ƙansu har ƙwan ya lalace. Cikinsu har da ƙaramar motar da ta ɗauko na Auta. Ya ce bai lura da ita ba. Na yarda, don mai riƙe da lasifika ba ya ganin fuska, taro kawai yake gani.

Auta ba ta kira shi ba, ni ta kira. Ta tambayi yara, ta tambayi ciwon gwiwata, sannan ta ce tana nan tana jiran 'yan tsakinta kamar yadda muka yi, ta riga ta sayar da tsofaffin kajinta ta wanke ɗaki. Ko sau ɗaya ba ta ambaci ƙwanta ba. Da ta zage mu ma da ya fi min sauƙi.

Da Sakatare ya dawo gida na tare shi a ƙofar ɗakin ƙyanƙyasa, na nuna masa injin da na cika da ƙwai tun kafin su fara wannan rigima, da na biyun da na cika bayansa da 'yan kwanaki. Na ce masa ƙwai ba ya jin umarnin kowa, ranar fitarsa in ta zo sai ya fito, in mutanen can suka rama fa?

Ya yi dariya ya ce, "Su rama da me? Suna da inji ne? Ai su ke buƙatarmu, ba mu ke buƙatarsu ba."

Sati guda ƙwai ya yi tsada a kasuwarmu, 'yan ƙungiya suka yi ta washe baki suna yi wa Sakatare jinjina. Daga nan dusa ta yanke. Ashe masu injin niƙa abincin kaji na garinmu su ma daga can suke samun masara, kuma da aka daina karɓar ƙwan mutane, suka daina turowa. Waɗanda suka fi kowa ihu a taro su suka fara sayar da kajinsu a wulaƙance. Na bi su gida-gida ko wani zai ɗauki 'yan tsaki in sun fito, kowa ya ce min me zai ba su? Don haka ba ni da wani wurin kai su sai tsallake.

* * *

Tafiyar da Sakatare ya dawo da ita ba irin wadda ya tafi da ita ba ce. Ya tsaya a jikin taga yana share gumi, ya ce mutanen can sun fitar da nasu umarnin da safiyar nan: ko gashin kaza daga wajenmu kada ya shiga. Jami'an ɓangarorin biyu sun yi cacar baki a kan gada, kowa ya ja ƙofarsa ya rufe, har masu albasa da masu siminti abin ya shafa. Masu tafiya a ƙafa kawai ake bari. Amma ya yi waya da shugaban ƙungiya, an ce manya suna zama, kafin azahar za a buɗe.

Dogo ya ce akwai ɗan sarari tsakaninmu da motar baya. In ya yi dabara zai iya sauka gefen titi ya fita daga layi, ya yi ta kai-komo a kan hanyar gari don iska ta ratsa kwalayen, har a ga abin da hali zai yi. Na ce a yi haka nan take. Sakatare ya ce a'a. In muka fita muka bar gurbinmu, aka buɗe, layin nan da ke ƙara tsawo ba za mu ga gada ba sai gobe. Ban ce ba shi da hujja ba. Amma ni kukan nake saurare, shi kuwa shugaban ƙungiya yake saurare. Muna cikin ja-in-ja wata tankar mai ta zo ta saka kai a sararin, ta raba mana gardama.

Rana ta ɗaga. Kwanon motar ya yi zafin da ba a iya ɗora hannu. Wanda bai san kaji ba zai ce kuka duk kuka ne, amma ni na ji lokacin da ya canja. Na safe kukan neman uwa ne, mai kauri, mai daɗin ji. Wannan kuwa siriri ne mai tsini, kamar ana goga ƙusa a jikin kwano. Na buɗe kwalin farko na ga sun buɗe baki, sun saki fukafukai, wasu sun hau kan wasu suna neman huji.

Na ce a sauke. Muka yi ta jidar kwalaye muna turawa ƙarƙashin motar albasa, inda 'yar inuwa take. Direban albasar, wanda ban taɓa gani ba, ya tashi daga tabarmarsa ya ba mu wurin, ya kama mana jida, yana cewa shi nasa kayan za su yi kwana biyu ba su ce komai ba. Matan da ke sayar da ruwa suka yagi murafen kwali suka zauna suna fifita. Amma inuwar mota ɗaya nawa take? Rabin kayan na nan a ciki, kuma na can ƙurya su ne ban so in buɗe ba. Azahar ta yi, ta wuce. Sakatare ya kira shugaban ƙungiya har ya gaji, wayar tana ta ƙara ba a ɗauka.

Ina durƙushe na ji Dogo ya ce, "Hajiya, kamar ƙanwar Maigida ce waccan."

Ita ce. Ta taho a ƙafa ta kan gada, da babban baho a ka, da jarka a hannu. Ta sauke a gabanmu, ta ɗan rusuna ta ce, "Yaya, ina wuni," kamar a tsakar gida ta same shi. Bahon cike yake da 'yan kwanukan shan ruwa na 'yan tsaki, jarkar kuma ruwa ne da ta jiƙa da sukari. Ba ta tsaya wata magana ba, ta tattare zani ta zauna a ƙasa kusa da ni.

Ɗan tsakon da ya galabaita ba ya zuwa wurin ruwa da kansa. Sai ka ɗauke shi, ka tsoma bakinsa, ka jira ya ɗaga kai ya haɗiye, ka ajiye, ka ɗauki wani. Haka muka yi ta yi, ɗaya bayan ɗaya, mu da muke da dubbai. Wani in ka ɗauka sai ka ji ya yi laushi, wuyansa ya langaɓe a kan yatsanka, sai ka ajiye shi gefe. Tsibin gefen ya fi saurin girma. Can sai na ga Sakatare ya cire hula ya cusa a aljihu, ya durƙusa a kan kwalta da farar rigarsa, ya miƙa hannu cikin kwali. Rabon da ya taɓa ɗan tsako tun kafin a zaɓe shi.

Ya daɗe yana tsomawa kafin ya yi magana, kuma bai ɗago ba.

"Auta, batun ƙwanki..."

"Sassauta hannu, Yaya," in ji ta. "Kana matse shi."

Ya sassauta. Ni kuma na ji tausayinsa ya kama ni, duk da haushinsa da ke cina tun safe, har na rasa wanne ya fi yawa.

* * *

Wajen la'asar Auta ta dubi waɗanda suka farfaɗo, ta ce ɗakinta yana can a share, ta shimfiɗa ɓuntun shinkafa, ta hura gawayi tun da asuba. Tunda ana barin masu ƙafa, bari ta gwada. Ta san wasu daga cikin jami'an can, 'ya'yan unguwarsu ne, ƙila su kau da kai. In an bar ta sau ɗaya, sai ta yi ta sawu har inda ƙarfinta ya kai. Muka zaɓi masu ƙwari muka cika bahon, ta yafa mayafinta a kai, muka ɗora mata. Jami'in ɓangarenmu ya ɗaga mata hannu ta wuce, don shi ba ruwansa da abin da ke fita.

Muka tsaya a bakin shinge muna kallon bayanta har ta ƙanƙance. A ƙofar can aka tsayar da ita. Muka ga an ɗaga mayafin. Muka ga tana magana da hannu, ta nuna rufin gidanta, ta nuna mu. Ta daɗe a tsaye. Daga bisani ta juyo.

Da ta iso shingenmu, sai jami'in da ya bar ta ta fita ya sa hannu ya tare ta. Ya ce kayan kaji ne, kuma daga tsallake suke, ba za su shigo ba.

Na ɗauka wasa yake. Na ce masa ɗana, a ɗakina aka ƙyanƙyashe su, a gabanka suka fita yanzun nan. Ya ce ya sani, Mama, amma sun taka ƙofar can sun dawo, shi abin da ya fito ta wannan hanya aka ce ya tare. Sakatare ya matso yana lallashi, yana faɗin ko shi wane ne. Jami'in ya dube shi da kyau. Ba da izgili ya yi maganar ba, da gajiya ya yi ta.

"Ai na gane ka, Alhaji. Ba kai ne mai lasifika ba? A nan ka tsaya ka ce duk jami'in da ya bar ko kiret ɗaya ya wuce, ku za ku kai ƙararsa da kanku. Abokin aikina da ya tausaya wa wata tsohuwa, mutanenku suka ɗauki hotonsa. Yau yana gida. Ni ma ina da yara."

Shekara da shekaru ina zaune da Sakatare, ban taɓa ganin ya nemi magana ya rasa ba sai ranar.

Auta ba ta yi musu da kowa ba. Ta juya da bahonta ta koma har tsakiyar gada, inda ba na wannan ba na wancan, ta sauke, ta zauna a kan dakalin gefe ta buɗe musu mayafin don su sha iskar kogi. Ba ko bishiya a wurin. Sakatare ya tsaya yana kallonta, sannan ya miƙo min wayarsa ba tare da ya dube ni ba, ya sunkuya ta ƙarƙashin sandar ya bi ta. Na ga ya isa, ya tsaya a kanta ta wajen rana, ya buɗe hannuwan rigarsa ya yi wa bahon inuwa.

* * *

Da masu motoci suka fidda rai suka fara juyawa, layi ya saki, Dogo ya samu ya fitar da mu. Sakatare ya aiko mai ruwa ta ce min mu tafi, shi zai zauna da Auta har a ga ko wani ɓangare zai sauko. Muka mayar da kwalayen cikin mota, masu rai da marasa rai, don ba mu da lokacin tantancewa. Direban albasa ya taya mu rufe ƙofa, ya ce Allah ya mayar da alheri.

A hanya iska ta yi ta kaɗawa ta cikin ragar, wadatacciya, mai sanyi, irin wadda na wuni ina roƙo. Na kasa kunne baya. Nan da can wani yakan yi 'yar ƙara, sai kuma shiru. Dogo, wanda kullum yake mitar 'yan tsaki sun hana shi jin rediyo, ya kai hannu zai kunna, ya fasa.

Da muka isa gida na bar shi yana saukewa, na wuce ɗakin ƙyanƙyasa don in wanke hannu. Ɗakin yana nan yadda na bar shi, da ɗuminsa, da ƙamshin maganin wanke ƙasa, da sababbin kwalaye jingine a bango. Injin farko a buɗe, wayam. Na biyun yana ta gurnaninsa a hankali.

Ina cikin wanke hannun na ji shi. Siririn kuka ne, daga cikin inji, irin wanda suke yi tun suna cikin ɓawo idan lokaci ya gabato. Wani ya amsa masa daga tire na ƙasa. Na je na ɗora hannuna a kan makunnin, na daɗe a haka, ruwa yana ɗiga daga gwiwar hannuna. Ta gilashi na ga ƙwai ɗaya a layin gaba ya tsage, ɗan baki ya leƙo, ya koma, ya sake bugawa. Na tsaya ina kallonsa yana ta faman fitowa da iyakar ƙarfinsa.